Azumin Dije a Gidan Kaso

Azumin bana ya sake faɗowa cikin bazara. Tun hantsi bangon ɗaki ke ɗaukar zafi, kafin azahar kaji sun lafe gindin randa baki buɗe. Jikokina na kwance bisa siminti suna mitar an ɗauke wuta, ƙanƙarar shan ruwa za ta narke. Ni kuwa ina bakin madafa ina jiƙa tsamiya, sai ƙamshinta cikin ruwan ɗumi ya mai da ni shekara talatin da wani abu baya, lokacin da watan ya zo cikin irin wannan zafin, shekarar da ta biyo bayan babban fari.

Daminar da ta gabata ba ta yi ba. Hatsi ya fito, ya kai gwiwa, ya bushe a tsaye. Maza sunka watse neman abin kai wa baki. Maigidana ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya yi kudu, ya bar ni a Madawa da uwarshi da yara uku, ƙaraminsu Abdu yana wata biyar a bayana. Mutanen ƙauyukan Buza da Keita sun gangaro sun kafa 'yan bukkoki bakin gudron, wato titin kwalta, kowa da tukunya ɗaya da tabarma. Abincinmu jar dawa ce ta taimako, wadda ko an surfa ta sau uku tuwonta ba ya haɗuwa. In ta ƙare sai anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Ga shi ruwan da za a jiƙa ɗin ma sai an yi da gaske.

Yinin azumi haka yake tafiya. Da asuba mu sha kunu mai ruwa-ruwa. Gari na wayewa mu yi rijiya, inda kowace safiya sai an ƙara wa igiya tsawo, wata har da gefen tsohon zanenta. Guga ya fito rabi ruwa rabi laka, a kawo gida a bar shi ya kwanta. Sai daka, tun rana ba ta hau ba, mu biyu ko uku a turmi guda don wadda ta gaji ta ja baya. Daga nan kowa ta nemi inuwa. Mukan jiƙa mayafi da ɗan ruwan wanke-wanke mu rufa. Tsakanin azahar da la'asar garin kan yi tsit, ba ka jin komi sai kukan jakai can nesa.

Maƙwabciyarmu Inna Hajo tsohuwa ce, yayar Malam Alhasan limamin unguwa. Malam kan shiga gidan kaso kowace Juma'a ya yi wa maza wa'azi. Mata kuwa suna wani ɗan tsakar gida bayan katanga, abin da ke isa kunnensu amin ɗin maza kaɗai. Inna Hajo ce ta je da ƙafarta tun shekarun baya ta nemi izini, ta ce matan ma rai gare su. Anka bar ta. Tana koya musu Fatiha da ƙananan surori, ta gyara musu alwala, ta zauna da wadda anka aiko wa labarin rasuwa. In wata ta cika a ciki, ita ke wankanta.

Kwana biyu da kama azumi ta leƙo ta bisa danga.

"Hadiza, an ce kin iya rubutun nan na yaƙi da jahilci?"

"Kaɗan-kaɗan dai, Inna."

"Kaɗan ɗin nika so. Ɗauko kayenki na rubutu da bik ki biyo ni. Matan nan na ba ni tambayoyi in kai ma Malam, kahin in iso gida rabinsu sun zube a hanya."

Haka na fara shiga gidan kaso, da tulun kunun tsamiya bisa kai da Abdu a baya. Bakin ƙofa akwai wani gardi, Sarja Bube, dogo, leɓɓansa sun yi fari fat don ƙishirwa. Kullum sai ya sa ludayi ya motsa kunun.

"Inna, yau ma ba ki ɓoye zarto ciki ba?"

"In na samu zarto, haƙoranka zan hwara gyarawa," in ji ta. Ya yi dariya ya buɗe.

Matan su shida ne. Ɗaki guda, randa guda, da itacen bedi a tsakar gida wanda inuwarsa ke zagayawa su kuma suna bin ta da tabarma. Da mun zauna sai su matso ɗaya bayan ɗaya, su yi magana ƙasa-ƙasa, ni ina rubutawa ba tare da suna ba. Wata ta ce zanenta ɗaya ne, da shi take kwana da shi take komi, ko sallarta na yi? Wata ta ce ruwan randa na sha ne, ko za ta iya taimama da bangon kaso, ko shi ma bangon ba ya da tsarki? Wata dattijuwa ta daɗe tana murza yatsunta, sannan ta ce in tambayo mata: wanda alƙalin duniya ya riga ya hukunta, gobe ma za a sake? Bayan la'asar in tsaya bayan zanar zauren Malam in karanto, shi kuma ya amsa a hankali, yana dakatawa har in gama rubutu. Wani lokaci kafin ya amsa sai in ji yana fyace hanci.

Yanzu na ji an ce in azumi ya zo ana kai musu buhunan sukari da dabino cikin mota, har da lasifika. Madalla da hakan. Mu dai tulu guda ne da kaye mai bangon shuɗi, kuma muna sanin wadda ba ta yi barci ba tun daga yadda ta amsa sallama.

Cikinsu akwai Kulu, 'yar nan cikin gari, wadda ta fasa wa wata ƙwarya a ka wajen rigimar layi a rijiya. Bakinta ba ya rufuwa, ita ke sa su dariya. Akwai kuma Dije, wadda ba ta taɓa ba ni tambaya ba. Kullum tana can ƙarshen inuwa da ɗiyarta Halima, jinjira 'yar wata huɗu.

Inna Hajo ce ta ba ni labarinta a hanya. Daga wani ƙauye take bayan Garhanga. Mijinta ya tafi ci-rani bai aiko ba. A gidansu akwai rumbun tsimi na wan mijinta, an liƙe bakinsa da laka, iri ne a ciki. A wajensu mace ba ta ko leƙa rumbu, balle ta buɗe, sai babban namijin gidan ya tsaya da kansa. Yaranta biyu sunka kwana uku ba su ci komi ba sai ganyen jiga. Ta ɗauki taɓarya ta fasa lakar da rana tsaka, ta ɗebi dami, ta sussuka, ta dafa musu. Da mai rumbu ya dawo ya kai ƙara, anka ba ta wata shida.

Mutanen gidansu Anna ne tun kaka da kakanni, masu yanka wa dutse da gindin tsamiya kafin shuka. A zamanin ubanta sunka fara salla. Ita kanta wannan ne azuminta na uku, kuma ta kama shi da hannu biyu. Ko yawu ba ta haɗiyewa. In an sha ruwa ta kurɓi kunu kaɗan ta tura wa dattijuwar nan saura, wai sadaka.

Kulu ba ta bar ta ta huta ba.

"Ke 'yar Anna, sannu da ibada! Yaushe kunka san azumi? Kakanki da rana tsaka shika kihe ƙwaryar giya, ke kuma za ki riga mu shiga Aljanna?"

Sauran su yi dariya. Dije sai dai ta ƙara juya baya.

Wajen kwana goma ga wata na karɓi Halima don uwar ta yi salla. Yarinyar ba nauyi, kamar na ɗauki ƙunshin tsumma. Maɗigarta ta faɗa, har yatsa na iya zama a wurin. Tana buɗe baki ta yi kuka, ba murya ba hawaye. Da Dije ta sallame ta sa ta a nono, na ga yarinyar ta ja, ta ja, ta saki. Babu komi a ciki.

Na juya na ba ta nawa. Ta kama da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Amma zamanmu a ciki bai wuce sa'a guda ba, sa'a guda kuwa ba ta raya jinjiri. Ni ma nawa ba wani yawa gare shi ba.

Ranar tambayar da na rubuta tawa ce. Malam bai ko bari na kai ƙarshe ba. Ya ce mai shayarwa in ta ji wa ɗanta tsoro ta sha ruwa, ta rama in ta samu hali, ciyarwa kuma sai randa Allah ya hore. Ya ce in yarinyar ta kai yadda na faɗa, shan ya zama dole a kanta. Ya sa na karanta mashi abin da na rubuta sau biyu.

Washegari na zauna kusa da Dije na buɗe kaye na karanta mata a hankali, kalma bayan kalma. Ta saurara har na gama. Sannan ta ɗago ta dube ni, karo na farko da ta dube ni cikin ido.

"Takarda ce ta hwaɗi."

"Malam ne ya hwaɗi, Dije. Ni rubutawa kawai na yi."

"Malam ya san ni ce. Ya ce a bar 'yar Anna ta sha, dama ba ta iyawa." Ta nuna bayana da haɓa. "Ke ba goyo gare ki ba? Kin sha?"

Ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa don kar Kulu ta ji.

"Na hwasa rumbu. Ba ni da akuya, ba ni da hatsi, ba ni da komi da zan ba Allah shi yahe mini. Ƙishirwar nan ita kaɗai gare ni. Ita ma ku amshe?"

A hanyar gida ƙasa na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, amma ban ji ba. Gaskiya ta faɗa. A unguwarmu ban taɓa ganin mai goyo ta sha ruwa da rana ba. Kowa ta san an yarda, ba wadda ke yi. Uwata ta goye mu takwas ba ta sha ko yini guda ba, kuma takan faɗi haka da alfahari. Wadda ta sha, za a ce raguwa ce, a yi ta faɗi har wajen biki. Ni tun da na fara azumi ina budurwa ban taɓa karya shi da gangan ba.

Na ce, "Inna, ke ki yi mata magana mana. Ke za ta ji."

"Na yi, ɗiyata. Sau uku. Ni tsohuwa ce, nonona ya bushe tun kahin a haihe ki. In na sha gabanta saɓo na yi, kuma ta sani." Munka yi 'yar tafiya. Sai ta ce, "Abdu hwa? Sau nawa kika canza mishi tsumma jiya?"

Sau ɗaya ne. Kwana biyar ke nan ina ganin haka ina cewa zafi ne. Da munka isa gida na kwance shi na dube shi da kyau cikin haske, na ga wuyansa ya yi tsawo, fatar cinyarsa ta saki. Na shafa kansa. Tashi maɗigar ba ta faɗa ba tukuna, amma ta fara.

Da safe Inna Hajo ta aiko da ɗan curin hura na hatsi na gaske, ban san inda ta samo shi ba a wannan shekara. Na dama shi da ruwan tsamiya, tunda nono sai mai saniya, masu shanu kuwa sun daɗe da yin kudu. Uwar mijina tana kallona ina damu da hantsi. Ta buɗe baki, ta dubi Abdu, ta rufe.

Munka isa gidan kaso rana na tsakar ka. Sarja Bube ya ɗaga faifai ya ga hura.

"Inna, yau agogonki ya ɓaci? Ko azahar ba a kira ba."

"Ta masu goyo ce."

Ya dubi Abdu, ya dube ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai sa ludayinsa ba ranar, ya dai buɗe ƙofa ya kau da kai.

Inuwar bedi ta tsuke, matan duka shida sun taru a gindinsa. Na aje ƙwarya gaban Dije, na zauna, na kwanto Abdu na ɗora bisa cinya. Na ɗebi ludayi guda, na yi bisimilla a bayyane yadda kowa zai ji, na kai baki.

Har yau ina jin saukar hurar nan. Maƙogwarona ya bushe har sai da ta yi mini zafi, sannan sanyinta ya bi ƙirjina ya sauka. Tsamin ya tsaya mini a haƙora. Hawaye sunka zubo mini, ban san ko na kunya ne ko na daɗi ba. Na ƙara na biyu.

Dije ta ce, "Allah na ganinki."

Na ce, "Shina gani. Shi ya ba ni wanga yaro."

Na tura mata ƙwaryar. Ta dube ta, ba ta taɓa ba.

"To rumbun hwa? Da mi zan biya?"

Inna Hajo ta matso da tabarmarta har gwiwarsu ta haɗu.

"Dije, hatsin da kin ɗiba, cikin wa ya shiga?"

"Cikin ɗiyana."

"Sun rayu?"

"Sun rayu."

"To. Don kar biyu su mutu kin shigo nan. Ta ukun ga ta bisa cinyarki. Mai rumbu, randa kin hita ni da ƙahwata zan raka ki ki roƙe shi gahwara. Allah kuwa, ki roƙe shi yanzu, da jiƙaƙƙen baki ma shina ji."

Dije ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Za a ce dama Anna..."

Kulu ta yi wuf ta ɗauke ludayin daga hannuna.

"Wa zai ce? Ni ce mai cewa, ni kuwa bakina ba ya da linzami, kowa ya sani. Ni da anka haihe ni cikin salla, ba ga ni nan ba don na hwasa ma 'yar mutane kai? Kakana ma wa ya san abin da shika sha? Buɗe baki, don Allah, hannuna ya gaji, ni azumi nike."

Wata ta yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi. Kulu na riƙe da ludayi daidai leɓen Dije, hurar na ɗiga bisa zanenta. An daɗe a haka. Halima ta motsa, ta buɗe baki ta yi kukan nan nata marar sauti. Dije ta dube ta. Leɓɓanta sunka motsa da bisimilla, ta sha.

Munka shanye ƙwaryar mu biyu, ludayi na zuwa yana dawowa. Dattijuwar nan ta juya mana baya don kar mu ji nauyi, sauran ma sunka bi ta.

Nono bai zo ranar ba. Washegari ma bai zo ba. Kullum da rana tsaka ina zuwa da abin da ya samu, ran nan kunun jar dawa, ran nan ruwan tsamiya kaɗai da ɗan gari a ciki, mu zauna mu sha tare. In na gama da Abdu in karɓi Halima. Labari ya riga ya zaga unguwa, a rijiya wata ta tambaye ni ko in ɗebo mata ruwa tunda ni da ƙarfina nake. Na ɗebo mata. Rana ta uku Dije ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Kin gani? Na sha, kuma bai zo ba." Na ce mu dai ƙara gobe. A hanya na tambayi Inna Hajo in bai zo ba fa. Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Rana ta huɗu hadari ya taso daga gabas ya tsaya, bai zubo ba, sai zafi ya ƙaru har numfashi na wuya. Muna shiga na ga matan sun yi da'ira ba mai motsi. Kulu ta ɗora yatsa a baki ta yafuto mu. Dije na zaune ta jingina da bedi, gaban rigarta ya jiƙe har ciki, Halima na manne da ita. Munka durƙusa. Cikin shirun nan sai na ji shi, ɗan ƙaramin sauti, ƙut, ƙut, ƙut. Yarinyar na haɗiya.

Kulu ta yi iya haƙurinta, ya ƙare. Ta miƙe ta dafe hanci ta rangaɗa guɗa, irin wadda ake yi in an kawo amarya. Ba a jima ba ƙofa ta buɗe da ƙarfi, Sarja Bube ya faɗo da gudu, takalmi ƙafa ɗaya, hannuwan riga a naɗe, da alama alwala yake shirin yi.

"Mi ya hwaru? Wa ta gudu?"

"Nono ya zo, Sarja!"

Ya tsaya cak. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya rasa inda zai aje idonsa. Sai ya ce, "To. To, alhamdu lillahi," ya juya yana ɗingishi ya ja ƙofar a hankali.

Munka yi ta dariya muna toshe baki. Dije ma ta yi, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba don hannuwanta duka biyu na riƙe da yarinyar. Halima ta sha har ta saki da kanta, ta yi gyatsa, barci ya ɗauke ta da farin nono a gefen baki. Inna Hajo ta ce a ɗaga hannu a yi addu'a. Munka ɗaga, mu takwas, amma da raɗa munka yi ta, amin ɗin ma da raɗa, don kar ta farka.